Yinin da Na Hau Jabal Ummud Dami

Da asubar fari muka bar zangon da muka kwana a Wadi Rum, a kudancin ƙasar Jodan, mu biyu a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, kowa ya ƙudundune cikin bargo saboda sanyin ƙarshen watan Oktoba, sanyin da zai yi wa wanda bai taɓa kwana a hamada ba wuyar gaskatawa. Inda muka dosa shi ne Jabal Ummud Dami, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar, wanda ƙololuwarsa ke mita 1,854 sama da teku, dab da iyakar Saudiyya. Babu kwalta kuma babu allon da ke nuna hanya, sai sawun tayoyin waɗanda suka riga mu wucewa a kan jan yashi, su ma sukan rarrabu su sake haɗuwa ba tare da wani dalilin da baƙo zai gane ba. Mun shafe fiye da sa'a guda muna kutsawa kudu tsakanin manyan duwatsu masu tsaye kamar ganuwa kafin motar ta tsaya a gindin wanda muka zo dominsa.

Jagoranmu wani dattijo ne daga Badawiyyan yankin, siriri, marar yawan magana, wanda nake kira da "ya ammi", wato baffa, kamar yadda ake kiran wanda ya girme ka a can. Kafin mu ɗaga ƙafa ya ɗauki jakata ya jinjina, sannan ya tambaye ni ruwa nawa na ɗauko. Na ce lita biyu, ina ganin na yi ƙoƙari, tunda a lokacin haƙorana kaɗawa suke yi don sanyi kuma tunanin ƙishirwa bai ko zo mini ba. Bai ce uffan ba, ya koma mota ya ɗauko wata gora ya cusa mini a jaka. Sai daga baya na fahimci dalilinsa. Iskar hamada busasshiya ce ƙwarai, tana shanye zufa tun kafin ta jiƙa riga, don haka mutum yakan yi ta zubar da ruwan jikinsa yana ganin kansa a bushe, alhali mai hawan dutse cikin zafi zai iya rasa lita guda a sa'a ɗaya. Ƙishirwa kuwa ba ita kaɗai ce alamar ƙarancin ruwa a jiki ba. Ciwon kai da kasala da raguwar natsuwa su ma sukan biyo baya, kuma natsuwar nan ita ce abin da mai hawa ya fi bukata. Da zufa gishirin jiki yake fita, shi ya sa ɗirkar ruwa zalla ba tare da an ci wani abu mai gishiri ba yana da nasa haɗarin.

Da na ɗaga kai na dubi dutsen daga ƙasa, sai na raina shi. Abin da za mu hau daga inda mota ta tsaya bai wuce mita 400 da ɗoriya ba, kuma saman yana nan a fili kamar a miƙa hannu a taɓa. Wannan ita ce yaudara ta farko da hamada ke yi wa ido. Inda babu itatuwa, babu gidaje, babu hazo a cikin iska, ido ba ya samun abin da zai auna nisa da shi, sai dutsen da ya kai girman ɗaki ya yi kama da wanda za a iya zama a kai a huta. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma ban taɓa jin gaskiyar maganar a gwiwoyina ba kamar ranar.

Farkon hawan tafiya ce kawai a kan yashi da tsakuwa, cikin wani kwari mai faɗi da ke tsukewa sannu a hankali. Duwatsun Wadi Rum hawa biyu ne: a ƙasa akwai tsohon dutsen giranit mai tauri da duhun launi, a samansa kuma dutsen yashi mai kauri, wanda asalinsa rairayi ne da ruwa ya jibge fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, ya daskare ya zama dutse. Ruwan sama kaɗan da ke sauka yakan tsotse cikin dutsen yashin, ya gangara har ya iske giranit da ba ya barin ruwa ya wuce, sai ya ɓullo ta gefe a matsayin idon ruwa. Shi ya sa ake ganin ɗigon kore a daidai layin da duwatsun biyu suka haɗu, shi ya sa kuma mutane suka iya zama a wannan wuri tun zamanin da, har suka bar dubban zane-zane da rubuce-rubuce a jikin duwatsu, ciki har da na Nabatawa waɗanda suka sassaƙa birnin Petra. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2011. Amma duk idanun ruwan nan suna can baya. A kan Ummud Dami abin da ka goyo shi ne ruwanka.

Bayan kamar rabin sa'a tafiya ta ƙare, aka shiga abin da ya kawo ni, wato hawan da ƙafa kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa da hannu. Yana tsakanin tafiya da hawan igiya: bai kai a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu ba, amma ya wuce a sa hannu a aljihu. Masu hawan dutse a Amurka suna da ma'auni mai mataki biyar, inda na farko tafiya ce a kan turba, na biyar kuma hawan bango da igiya, irin wannan hawa kuwa yana faɗawa a tsakiya. Ƙa'idarsa ɗaya ce tak wadda kowa ya sani amma ba kowa ke bi ba: cikin gaɓoɓi huɗu, hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a kafe kafin a motsa na huɗu. Jagoran bai taɓa faɗa mini wannan da baki ba. Kallonsa na yi na gani, domin yana hawa ne kamar wanda ba ya sauri ko kaɗan, amma duk lokacin da na ɗaga kai sai in tarar ya ba ni rata.

Dutsen yashi yana da daɗin hawa, kuma a nan haɗarinsa yake. Fuskarsa tana da kaushi, tana kama tafin takalmi har mutum ya iya tsayawa a kan gangaren da ido ke cewa ba zai yiwu ba, muddin ya dasa dukan tafin ƙafarsa ya kuma tsayar da nauyinsa a kanta. Wanda tsoro ya sa ya manne da dutsen da ƙirjinsa shi ne ya fi saurin zamewa, saboda ya ɗauke nauyi daga ƙafarsa ya bar ta ba abin da ke danne ta. Sai dai wannan dutse mai kama takalmi yana da gautsi. Wani ɓangaren da ka kama da hannu zai iya ɓallewa ya taho tare da kai, musamman siraran leɓɓan da iska ta sassaƙa, kuma idan ya sha ruwan sama ƙarfinsa yana raguwa sosai. Na lura dattijon yakan bubbuga wuri da tafin hannu kafin ya dogara da shi. Idan ya ji ƙara mai kama da ta fasasshiyar tukunya, sai ya nemi wani. Akwai kuma wuraren da manyan duwatsu suka zube kan juna ba tare da sun zauna daram ba, inda kowane taku sai an gwada, kuma dole na baya ya kauce daga saitin na gaba don kada abin da ya gangaro ya same shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tarin duwatsu. A kan dutse ƙafa ba ta barin sawu, saboda haka waɗanda suka san wurin sukan ɗora ƙananan duwatsu uku ko huɗu kan juna a inda ake iya hango su, Larabawa suna kiran irin wannan tari "rujum". Daga wannan tari za ka nemi na gaba, idan ka isa shi ka nemi mai bi masa. Da farko ban iya ganinsu ba sam, domin dutse ne a kan dutse cikin duniyar da babu komai sai dutse, amma bayan ɗan lokaci ido ya fara rarrabe abin da hannun mutum ya ɗora da abin da ya faɗo da kansa. A raina na ce wannan wata irin wasiƙa ce da wanda ba ka sani ba ya bar maka, tana cewa ta nan aka bi aka tsira.

Sau biyu na ɗauka mun iso, sau biyu ina hawa kan abin da na zata ƙololuwa ce sai in ga wani tudun a bayansa. Wani ƙadangare ya tsaya a kan fa yana kallonmu, ƙananan tsuntsaye suka tashi daga wata tsaga, ban da su babu mai motsi. Da hantsi ya dubi ludayi muka taka saman na gaskiya, inda tutar Jodan ke kaɗawa. Iska mai sanyi ta sa na mayar da rigar da na tuɓe a hanya, domin bisa ƙiyasi zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace mita 1,000 da aka hau, ga kuma jiki ya daina aiki. Ta arewa duwatsun Wadi Rum ne jere cikin jan yashi kamar tsibirai, cikinsu har da Jabal Rum mai mita 1,734, ta kudu kuma ƙasar Saudiyya ce shimfiɗe iyakar ganin ido. A ranar da sama ta washe ana hango Bahar Maliya ta wajen garin Akaba da ke bakin teku; mu dai wani siririn shuɗi muka gani a yamma, wanda jagoran ya ce ita ce, ni kuwa ban yi gardama ba. Shirun wurin ya fi ganin girma a wurina, irin shirun da mutum ke jin bugun jininsa a kunne.

A saukowa na yi wautar da ta sa na zauna rubuta wannan. Hankalina ya riga ya kwanta cewa aiki ya ƙare, ƙafafuna sun gaji, rana ta fara cizo, kuma ina iya hango motarmu a ƙasa kamar ƙwaro. Jagoran yana baya yana taimaka wa abokin tafiyata da takalminsa ya dame shi. Na ga tarin duwatsu na gaba ya karkata hagu, yana yin wani dogon zagaye da ban ga amfaninsa ba, alhali ga wani falalen dutse a gabana da ya gangara kai tsaye zuwa inda nake so. Na bi shi. Da farko gangaren mai sauƙi ne, sai ya riƙa ƙara tsayuwa a hankali ta yadda ban ankara ba, har na sauka wani ɗan mataki da tsalle, na tsinci kaina a kan wani leɓe da faɗinsa bai fi taku biyu ba, ƙarƙashinsa kuma sarari ne da ya fi tsawon gida mai bene. Daga sama ba a ganin irin wannan yankewa, domin dutsen yana lanƙwasawa ya ɓoye ƙasansa. Matakin da na diro kuwa, da na juya na dube shi, ya fi ƙarfin in koma ta kansa cikin sauƙi.

Saukowa ta fi hawa wuya saboda dalilai da suke a fili da zarar mutum ya shiga ciki. Mai hawa yana ganin inda zai kama a gaban idonsa, mai saukowa kuwa ƙafarsa ce ke laluben abin da ido bai gani ba, kuma yana yin hakan ne da tsokar da ta riga ta gaji da hankalin da ya fara komawa gida tun jiki bai iso ba. Ƙafata ta dama ta kama rawa da kanta, na kasa tsayar da ita. Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba kafin na ji muryarsa a samana, a natse kamar mai tambayar lafiyar iyali. "Ɗana, juyo ka fuskanci dutsen, ka daina kallon ƙasa. Sha ruwa tukuna." Na sha daga gorar da ya cusa mini da safe, domin tawa ta kusa ƙarewa. Daga nan ya riƙa gaya mini inda zan sa kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya, hannun hagu a tsagar da ke saitin kafaɗata, ƙafar dama a wani ɗan ƙulli da ni ban gani ba sai da na taka shi, har na matsa gefe na isa inda ya miƙo mini hannu. Na ce, "Ya ammi, ka yi haƙuri." Ya ce ba komai, ya juya ya ci gaba.

Can ƙasa na nuna masa wani kwazazzabo mai inuwa na tambaye shi ko ba ya fita zuwa mota. Ya ce yana fita ga ruwa, ban da mutum. Irin waɗannan kwazazzabai sukan ƙare da gangaren da ruwa ya goge ya yi santsi, wanda idan ka sauka ɗaya ba ka iya komawa, kuma su ne hanyar ambaliya idan hadari ya zubar da ruwa ko da a nesa ne, tunda dutse ba ya shanye ruwan da ya sauko lokaci guda. A watan Oktoban 2018 irin wannan ambaliya ta halaka mutum 21 kusa da Tekun Gishiri a wannan ƙasa ta Jodan, yawancinsu ɗalibai da suka fita yawon buɗe ido. Muka bar inuwar, muka bi zagayen da tarin duwatsu ya nuna, cikin rana.

Kafin mu bar daidai wurin da na kauce, na ga dattijon ya koma baya 'yan taku, ya tsinci duwatsu biyu masu faɗi ya ƙara a kan tarin da na ƙi bi, ya gyara masa zama har ya fi fitowa fili ga mai zuwa daga sama. Azahar ta gota lokacin da muka isa mota. Na zauna a inuwarta ina duban tafin hannuwana da dutsen ya kankare, ƙafar dama tana ɗan rawa har lokacin, a gorar kuma ragowar ruwan bai fi kurɓi uku ba.