Hawan duwatsun Ɗa'ifa daga Jidda a yini ɗaya: abin lura kafin a biya kuɗin jagora

Da zarar zafi ya karye, wajen watan Nuwamba, sai tallan tafiyar hawan dutse ya cika Instagram da rukunonin WhatsApp na mutanen Jidda da Makka. A taru da asuba, a hau mota zuwa Hada ko Shafa, yankunan duwatsu da ke gefen garin Ɗa'ifa, a yi tattaki cikin duwatsu tare da jagora, a dawo gida da daddare. Matasanmu Hausawa sun fara shiga sosai, har da mata da magidanta, kuma abin so ne. Wanda ya shekara tsakanin na'urar sanyaya ɗaki da kwalta yana da haƙƙin ya shaƙi iskar da ke kaɗawa cikin itatuwan ar'ar. Sai dai galibin wahalar da ake sha a kan dutsen, tun daga gida ake ɗauko ta.

A fara da tsayi, domin shi ne tushen sauran lissafin. Jidda tana bakin Bahar Maliya, daidai da ruwan teku. Garin Ɗa'ifa yana kan kusan mita 1,900, Hada ta haura 2,000, yankin Shafa da Jabal Daka kuma ya doshi 2,500. Cikin sa'a biyu da rabi mota za ta ɗauke ka daga ƙasa ta dire ka a can, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Abu biyu ne ke biyo baya. Na farko sanyi: kowane mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Ka bar Jidda tana 28, ka sauka Shafa ka tarar da 13 ko 14, ga iska, ga rigarka ta jiƙe da gumi. Na biyu numfashi: a wannan tsayin, iskar da kake ja a kowane numfashi ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Shi ya sa saurayin da ke buga ƙwallo kowane dare a unguwa zai ga yana haki tun a hawan farko. Ba rauni ba ne, kuma maganinsa rage sauri.

Akwai maganar da tallan ba ya yi, amma mu ta shafe mu kai tsaye, wato sikila. Tsayi, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da aikin ƙarfi, kowannensu na iya tayar da ciwon, a kan dutse kuwa duka huɗun ne ke haɗuwa rana ɗaya. Mai SS kada ya yi rajista sai ya zauna da likitansa. Mai AS yawanci lafiya lau yake, amma an san cewa aikin ƙarfi a wuri mai tsayi kan jawo wa wasu matsalar saifa. Idan ciwo mai tsanani ya kama mutum a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ba a cewa ya daure. A tsaya, a ba shi ruwa, a sauko da shi, a nufi asibiti. Ka faɗa wa jagora matsayin jininka tun kafin a tashi, haka ma mai ciwon suga, hawan jini ko asma. Ba abin kunya ba ne, kuma jagoran kirki shi ma zai tambaya.

Wajen zaɓen jagora, hotuna masu kyau ba su gaya maka komai. Hukuma na ba masu jagoranci lasisi, don haka ka nemi a nuna maka. Daga nan ka yi tambayar da yawancin mutane ke tsallakewa. Kowa na tambayar kilomita nawa ne. Kaɗan ne ke tambayar mita nawa za a hau. Tsohon lissafin masu hawan dutse shi ne sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita 8 da hawan mita 600 ke nan sa'a biyu da rabi da 'yan mintuna ga mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Ayarin mutum goma sha biyar, da hutu da salla da ɗaukar hoto, zai ci sa'a huɗu zuwa biyar a wannan hanyar. Jagoran da bai san adadin hawan hanyarsa ba, ni dai ba zan ba kowa shawarar ya bi shi ba. Ga mai farawa, kilomita 5 zuwa 6 da hawan da bai wuce mita 300 ba ya isa.

Ka kuma tambaya: mutum nawa ne, jagora nawa? Dole a samu ɗaya a gaba, ɗaya a can baya yana kora, domin ɓata ba ta faruwa a gaban ayari, a wutsiya take faruwa. Akwai akwatin agajin gaggawa, kuma wa ya iya aiki da shi? Ƙarfe nawa ake juyowa ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba? In an yi gargaɗin ruwan sama, ana fasawa a mayar da kuɗi ko ana ɗagawa? Kuɗin ya haɗa da mota da abinci, ko kowa zai kai kansa wurin haɗuwa? Amsar da ta zo da kame-kame ita ma amsa ce.

Asabar ta fi Juma'a sauƙi, saboda ba a shiga tseren sauko wa masallaci. Iƙama, wato katin izinin zama, ko katin shaida su kasance a jikinka, akwai shingayen bincike a hanya. A lokacin aikin Hajji ana hana shiga Makka sai da izini, don haka mai tahowa daga Jidda sai ya bi hanyar da ke kewaye Harami, wadda ita ce kuma abokin tafiyar da ba Musulmi ba zai bi a kowane lokaci. Hanyar Hada, mai hawa daga Kar da ke gindin dutsen tana lanƙwasa kamar maciji, ita ce mafi kusa, amma ana rufe ta idan ruwa ko hazo ya yi yawa ko ana gyara. Sai a zagaya ta ɗaya hanyar, ta Sail, tafiyar ta ƙaru. A duba kafin a fita. Mai yin amai a mota ya zauna gaba, ya ajiye waya, kada ya cika ciki da gurasar tamis da waken ful kafin lanƙwasar. A ci abin kari bayan an hau.

Ruwa: rabin lita ga kowace sa'a ta tafiya shi ne mafi ƙaranci, don haka lita 3 ga yini, a bar wata lita ɗaya da rabi a mota. Yaudarar sanyi ita ce ba ka jin ƙishi, alhali iskar can busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi. A riƙa kurɓa duk minti 20. Fitsarin da ya yi ja, ciwon kai da jiri alamu ne an makara. A sa ƙullin gishiri da sukari guda biyu, irin na kantin magani, domin ɗaurewar jijiyar ƙafa. Abinci mara nauyi: dabino, gyaɗa, ayaba, burodi da cuku. Shinkafa da nama a bar su sai an sauko.

Takalmi ya fi komai da za ka saya muhimmanci. Duwatsun can, inda ba faffaɗan fa ba ne, tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin ƙafa, don haka ana son tafin roba mai zurfin zane. Silifa da takalmin ƙwallo mai sulɓi ba su da wuri a nan. Kada ka fara sa sabon takalmi ranar tafiya. Ka yi yawo da shi kamar mako biyu. Ya kasance akwai sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, kuma ka yanke farce kwana biyu kafin ranar. Dalili kuwa, a gangara ƙafa na zamewa gaba, babban yatsa na dukan bakin takalmin sau dubbai, bayan kwana kaɗan sai farcen ya yi baƙi ya cire. Kafin a fara saukowa a tsaya a ƙara ɗaure igiya sosai a wuyan ƙafa. Da ka ji wani wuri ya fara zafi a dunduniya, cire takalmin nan take ka manna filasta, tun bai zama bororo ba.

Tufafi kuma a yi su hawa-hawa: riga mara nauyi mai saurin bushewa a ciki, rigar sanyi a kai, da wata mai tare iska da ruwa a jaka. Auduga na riƙe gumi, da ka tsaya hutu sai ta yi maka sanyi ƙalau a baya. Jallabiya na harɗe ƙafa a hawa. 'Yan'uwa mata za su iya suturarsu cikakkiya ba tare da haɗari ba: wando mai faɗi, riga har gwiwa ko ƙasa kaɗan, hijabin da ba ya ja a ƙasa, fil a maƙale sosai saboda iska. Abaya mai jan ƙasa takan kama ƙaya, kuma mai ita kan taka bakinta daidai inda faɗuwa ta fi muni. Jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 25 ta ɗauke duk wannan, haɗe da hula, tocilan goshi, batirin cajin waya da ledar shara. Taswirar wurin a sauke ta cikin waya tun a gida, domin cikin kwazazzabai sabis na ɗaukewa. A bar wa wani a gida sunan hanyar, lambar jagora da lokacin dawowa.

A kan hanya, ma'aunin sauri shi ne ka iya magana ba tare da numfashi ya yanke maka ba. Taku gajeru. Matasa kan zabura su bar manya a baya, su zauna su huta, da manyan sun iso sai su sake tashi, wanda ya fi gajiya ya rasa hutu ke nan. Jagora nagari zai sa mai rauni a gaba. Za ka ji yana cewa, "Baba, ku shige gaba, mu bi takunku," ko "Hajiya, ku miƙo jakar a riƙe muku har mu wuce wannan hawan." Wannan aikinsa ne, kada a ɗauke shi raini.

Birai kuwa, waɗannan gwaggon birin da ke jere a bakin hanyar Hada, sun san leda sarai. Babban namijin, mai furfurar gashi a kafaɗa, zai zauna kan dutse kamar ba ruwansa, idonsa na kan hannun da ke riƙe da ayaba. Ƙarar leda kaɗai ta isa ta jawo garken. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge, kada a ba su, hukuma ma ta hana. Kada a ƙura musu ido, kada a nuna haƙora, kada a gudu. In ya fizge abu, a bar masa. Cizo ko yaƙushi, a wanke da ruwa da sabulu sosai a tafi asibiti a ranar.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma a nan ne lokacin juyowa ke da amfani. A tsakiyar hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6, cikin kwari duhu ya riga haka. Idan an ce ƙarfe 1 za a juya, a juya ko saura tafiyar minti goma. Saukowa ce ke jawo targaɗe da faɗuwa: cinyoyi sun gaji, hankali ya koma kan mota, tsakuwa na gudu. A lanƙwasa gwiwa kaɗan, a bar tazarar taku uku tsakanin mutum da mutum, sanda a hannu. Wanda ya turo dutse da ƙafa ya yi ihu nan take don na ƙasa su kauce.

Yanayi kan juya da sauri a Sarawat, jerin duwatsun da Ɗa'ifa ke kai, musamman da rana tsaka a bazara da ƙarshen rani. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa na fitar da gargaɗi mai launi. In ta sa wa Ɗa'ifa ja ko ruwan lemo, a fasa. In an ji tsawa, a sauka daga kan tudu, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Kada a fake cikin wadi, wato kwarin da ruwa ke bi. Ruwan da ya zuba a wani dutse da ba ka gani zai iya iso maka a matsayin ambaliya alhali kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. In hazo ya rufe, ayari ya taru wuri ɗaya a ƙirga kai. Wanda ya ga ya ɓata ya tsaya inda yake, kada ya nemi gajeriyar hanya ta gangara. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce, motar asibiti ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar kuma 997. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira agaji. Kuma kada a zura hannu ƙarƙashin dutse, gidan kunama ne.

Don salla, a tafi da alwala in an iya, a ware ƙaramar gorar ruwa daban da na sha. Nisan Jidda zuwa Ɗa'ifa ya wuce na ƙasaru. Mutanen Makka su tambayi malaminsu tun kafin ranar. Mai niyyar ya biya ya yi Umara a dawowa ya tuna zai wuce miƙati, Wadi Muhrim ta hanyar Hada ko Ƙarnul Manazil ta hanyar Sail, sai ya taho da haraminsa, ya kuma auna ko ƙafafun da suka wuni a dutse za su iya ɗawafi da sa'ayi.

Wanda zai tuƙa a dawowa ya kwanta da wuri daren jajibiri, kuma a samu na biyu da zai karɓe shi. A gangarar Hada a sa mota a ƙaramar giya, inji ya riƙe ta. Taka birki ba ɗagawa na zafafa shi har ya daina kamawa. In an ji ƙaurin birki, a ratse a wurin tsayawa na farko a jira ya huce.