Godiya Bayan Tiyatar Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum. A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi kafaɗun mahaifiyarmu, Hajiya, wadda aka sallamo daga asibiti bayan kwana 16.

Shekara shida ke nan da aka yi mata aikin sankarar babban hanji, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinta, inda take manna jakar da bayan gida ke zuba. Daga baya ƙaba ta fito a gefen wannan ƙofa, abin da kan sami har kusan rabin waɗanda aka yi wa irin aikin idan shekaru suka ja, musamman tsofaffi da naman cikinsu ya saki. Mun saba da kumburin har mun daina jin tsoronsa, kuma wannan sakacin namu ne.

Ranar da amai ya ƙi tsayawa, kumburin ya yi tauri, mun ɗauka abinci ne ya ɓata mata ciki. Likitan da ya karɓe ta bai yarda da haka ba, ya nace sai an ɗauki hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, hoton kuwa ya nuna wani ɓangare na tumbinta ne ya zame cikin ƙabar ya maƙale. Yawanci hanji ne ke shiga wurin. Shigar tumbi ba kasafai ake ganinta ba, kuma an fi samun ta a mata masu yawan shekaru, domin jijiyoyin da ke riƙe tumbi sukan saki da tsufa. Ga wannan likita godiyarmu ta fi yawa, domin da ya sallame mu da maganin amai, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Muna gode wa likitocin fiɗa da suka fara zuƙe tumbin da bututu ta hanci, sannan suka mayar da shi mazauninsa, suka shimfiɗa raga daga ciki don ƙarfafa wurin, bisa dabarar da likita Sugarbaker na Amurka ya bayyana a 1985. Haka nan likitar sa barci, wadda ta faɗa mana gaskiya game da haɗarin aiki ga mai shekara 78, ba ta ɓoye komai ba.

Ma'aikatan jinya, da 'yan uwan da suka ba da jini, da maƙwabta da suka yi ta addu'a, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya ta fara cin abinci, kuma jiya da hannunta ta canza jakarta.