Akwatin Fasfon Mutanen da Ban Sani Ba

Ranar Lahadin da ta wuce na je kasuwar gwanjo ta Mauerpark, wani fili a gurbin tsohuwar katangar Berlin, da ɗan ƙanwata, wanda ya zo karatu Berlin bara. Na ɗan juya in sayi shayi, ina dawowa na tarar da shi gaban teburin wani dillali, riƙe da shuɗin fasfo mai tambarin guduma da kamfas a cikin zoben zangarniya. Har ya ciro kuɗi. Ya ce, "Kawu, na Jamus ta Gabas ne fa, ƙasar da babu ita yanzu. Nan da shekara biyar kuɗinsa zai ninka." Gabana ya faɗi. Abin da na faɗa wa kaina ke nan a 1996.

Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990, amma an bar fasfon Gabas yana aiki har ƙarshen 1995. Da wa'adinsa ya cika, sai ya fara zubowa kasuwa tare da hulunan soja da tsoffin lambobin yabo. Na sayi ɗaya, na koma na sayi uku, daga nan ban ƙara ƙirgawa ba. Abin da ya ja ni shi ne, a waccan ƙasa fasfo ba abin kowa ba ne. Talaka da katin shaida yake leƙa maƙwabta 'yan gurguzu, Yamma kuwa sai wanda gwamnati ta aminta da shi, ko 'yan fansho, waɗanda aka fara bari su kai ziyara a 1964: mace in ta kai shekara 60, namiji 65. Na tara koren fasfon Jamus ta Yamma, na tara katin mutanen Berlin ta Yamma wanda ba a buga masa mikiya, tambarin Jamus ta Yamma, ba, na bi hatiman mashigar iyaka ta Marienborn da na tashar jirgin ƙasa ta Friedrichstraße, har da rasit ɗin canjin dole, mark 25 na kowace rana da aka ɗora wa baƙi tun 1980.

Ba na shan giya, ba na caca. Wasu abokan zamana sun ƙarar da albashinsu a abin da ya fi wannan muni. A cikin waɗannan shafuka na koyi karanta Jamusanci, kuma da ban saya ba, da yawansu shara za su tafi. Har yau ina ganin wannan hujja tana da ƙarfi. Sai dai a daminar da ɗakin mahaifiyata ya riƙa yoyo a Katsina, aka aiko mini, na ce aiki ya yi sanyi, a ƙara haƙuri. Aiki bai yi sanyi ba. Kuɗin kwanon rufin na ba wani mutum a kan kati guda.

Daren 9 ga Nuwamba 1989, daren da aka buɗe katangar Berlin, da jama'ar Gabas suka yi dafifi a mashigar Bornholmer Straße, jami'an kan iyaka sun buga wa wasu hatimi a kan hotonsu, da nufin kada a bar su su dawo gida. Irin wannan kati kowane mai tarawa yake mafarki. Mutumin ya rantse na daren ne. Bayan shekara biyu wani tsohon ma'aikacin ɗab'i ya ɗaga shi a hasken taga, ya ce katin na gaske ne, hatimin kuwa daga baya aka danna. Su ma hatiman ai sun fito kasuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Asarar kuɗin ba ita ta fi cina ba. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, haifaffiyar Gabas. Wata rana na baje mata akwatin ina alfahari. Ta daɗe tana duban hotunan, ba ta kula hatimi ko ɗaya ba. Ta ce yayarta tana Hamburg, ta rasu kafin ita ta cika shekarun da za a ba ta izinin fita. Sannan ta nuna hoton wani dattijo ta tambaye ni ko na san wane ne. Ban sani ba. Lambar fasfonsa na haddace, sunansa ban taɓa karantawa da kyau ba. Ta ce, "To na mahaifinka fa, yana ina?" Fasfon da Baba ya yi aikin Hajji da shi, gara ta cinye shi a ƙasan adaka, a shekarun da nake nan ina lulluɓe na baƙi da leda.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma kaɗan suka rage. Kada ku saya da sunan jari. Ranar da na nemi sayar da rabin nawa, abin da aka taya bai kai kuɗin hayar wata biyu ba. Kada ku amince da labarin dillali, ku duba takarda. Kuma kada wanda ya kai fasfonsa mai aiki a buga masa irin hatimin tsaraba da aka riƙa sayar wa 'yan yawon buɗe ido a tsohuwar mashigar iyaka ta Checkpoint Charlie, zai iya lalata masa shi. Ku fara da adakar gidanku.

In kuwa zuciyarka ta kafe, sayi ɗaya. A'a, gara ma ka saya da a jefar. Amma ka zauna ka karanta shi. A nan ne yaran yanzu suke ba ni haushi: a ɗauki hoto a waya, a ɗora, a jira a ga mutum nawa suka yaba, shi ke nan. Mu ko ba komai mun ɓata dare muna buɗe ƙamus. Ka tambayi yaro yaushe aka gina katangar da yake tsaye a gurbinta, sai ya lalubo waya, alhali 13 ga Agusta 1961 ba wani abu ne mai wuyar riƙewa ba.

Ɗan ƙanwata bai ji maganata ba, ya biya. A jirgin ƙasa na karɓi fasfon na rufe, na ce ya faɗa mini sunan mai shi. Ya yi shiru, ya miƙo hannu ya buɗe. Mace ce, haifaffiyar Leipzig, hatimin fita ɗaya tak a ciki. Na ce in ya zo gidana ranar Asabar zan ba shi ƙamus, sannan ya kira uwarsa ya tambaye ta ko akwai sauran wata takarda ta Baba a gida.