Gadar Selma, Tarwaɗa da Kuɗin Tukuici

Bikin yaye ɗan ƙanwata daga jami'a ne ya kai ni Amurka, kuma ba zan cika ku da labarinsa ba, doguwar riga ce da hula da hotuna kamar ko'ina. Bayan an watse na ce wa yaron, tunda Allah ya kawo ni, sai na ga wuraren da baƙaƙen fatar ƙasar nan suka yi gwagwarmayar neman 'yanci, waɗanda muka taso muna jin sunayensu a rediyo. Ya ce, "Kawu, ai duk nan kusa suke." Ashe wurin mutumin da ya zauna a Amurka, tafiyar awa biyu da rabi a mota ita ce nan kusa.

A Atlanta muka fara, da gidan da aka haifi Martin Luther King a 1929, da cocin Ebenezer, da kabarinsa da ke tsakiyar wani tafkin ruwa. Ko sisi ba a karɓa. Yaron bai san cewa King ya taɓa zuwa Legas a 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar ba, don haka ranar ni ne malami.

Montgomery, babban birnin jihar Alabama, ita ta fara girgiza ni. Cocin Dexter, inda King ya yi limanci yana matashi, ɗan ƙaramin gini ne na jan bulo, kuma daga ƙofarsa kana hango fadar gwamnatin jiha, ko tafiyar minti biyar babu. A fadar nan aka rantsar da Jefferson Davis shugaban jihohin da suka ɓalle don riƙe bayi a 1861, a nan kuma Gwamna George Wallace ya tsaya a 1963 ya ce wariya ta zauna har abada. Wato hanci da hanci ake zaune. A garin ne aka kama Rosa Parks, mai sana'ar ɗinki, ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin har kwana 381. Yawancinsu mata ne masu aikatau a gidajen Turawa, suna takawa da ƙafa cikin sanyi da ruwan sama, masu mota kuma suna ɗaukar marasa ita bisa tsari. Na tuna yadda namu yajin aikin kan mutu kafin Laraba, na yi shiru da bakina.

Akwai wani wuri a kan tudu da aka buɗe a 2018 don tunawa da baƙaƙen da gungun mutane suka kashe ba shari'a, sama da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. Ginshiƙan ƙarfe ne masu tsatsa fiye da 800, kowanne na gunduma guda, da sunayen mutanenta. Da farko suna daidai da tsayinka. Kana tafiya ƙasa tana gangarawa, sai ka ankara sun koma saman kanka suna reto, kamar yadda aka rataye masu sunayen. A gidan tarihin da ke haɗe da shi an jera kwalaben ƙasa da aka ɗebo daga inda aka kashe kowane mutum, wata ja, wata baƙa, wata kamar toka. Dala 5 kacal muka biya kowannenmu, kuma shi ne kuɗi mafi halal da na kashe a tafiyar.

Sauran kuɗin kam Allah ya isa. Farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya. A wani gidan abinci na tambayi mai kawo abincin ko akwai alade a waken, ta dube ni sheƙeƙe ta ce akwai, har ganyen ma da shi ake dafawa. Na ƙare da dankali da kifi. Da na biya cif-cif na miƙe, sai ta bi ni da harara tana gunaguni da ƙarfi don in ji. Yaron ya koma da sauri ya ajiye mata wani abu, ya ce, "Kawu, a nan tukuici dole ne, kusan kashi 20 cikin 100." A gida mai tuwo ita ke yi maka gyara. Nan kai ne za ka yi wa mai abinci gyara, ko da ta yi maka rashin kunya.

Daga Montgomery zuwa Selma mil 54 ne, hanyar da masu zanga-zanga suka taka da ƙafa a ƙarshen Maris 1965. Gadar Edmund Pettus da ke Selma ba ta kai girman sunanta ba, amma tana da doro a tsakiya, ta yadda ba ka ganin abin da ke ɗaya ɓangaren sai ka hau. Haka John Lewis, ɗaya daga jagororin gwagwarmayar, da mutane kusan 600 suka hau ranar Lahadi 7 ga Maris, suka tarar da 'yan sanda da kulake da dawakai da hayaƙi mai sa hawaye suna jiransu. Laifinsu neman rajistar zaɓe, a gundumar da kusan kashi 2 cikin 100 na baƙaƙe kawai aka bari suka yi. Shi kuwa Pettus ɗin janar ne na masu bayi, kuma jigo a Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, har gobe sunansa ne a saman gadar.

Garin kansa ya ba ni tausayi. Shaguna a rufe, gidaje sun zube, ga ɓarnar guguwar 2023 ba a gama gyarawa ba. A gindin gadar wani dattijo ya ga hulata ya yi mana sallama, ashe Musulmi ne. Bai bar mu ba sai da ya kai mu gida, matarsa ta soya mana tarwaɗa da kuɓewa, ga burodin masara da shayi mai ƙanƙara da sukari kamar za a kashe mutum. Na ce, "Baba, kana nan ranar gadar?" Ya ce yana yaro, daga nesa ya ji ihu, amma wansa yana ciki. Shekara biyu bayan nan aka ɗauki wan nasa soja aka tura Biyetnam. Ya ce, "Ɗan'uwa, an fasa masa kai a nan don ƙuri'a, sannan aka ce ya je ya kare wa wasu 'yanci a can." Na zaro kuɗi zan ba jikokinsa, ya riƙe hannuna ya ce baƙo ba ya biya. Shi kaɗai ya faɗa mini haka a duk faɗin Amurka.

Maganarsa ta sa na duba kwanan wata. Washegarin dukan gadar, 8 ga Maris 1965, sojojin kundunbalar ruwa na Amurka 3,500 suka sauka a Da Nang da ke Biyetnam. Shugaba ɗaya ne, Lyndon Johnson, ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar zaɓe ta 6 ga Agusta 1965, shi ne kuma ya yi ta tura yara har suka haura 500,000 a 1968, shekarar da ya haƙura da sake takara. A ganina ya fi Kennedy yi wa baƙaƙe aiki nesa ba kusa ba, duk da hoton Kennedy ya fi yawa a bango. Amma kuɗin da ya yi alkawarin yaƙar talauci da su yaƙin ne ya lanƙwame, kuma na ga shaidar haka a titunan Selma. King ya fito ya faɗi wannan a cocin Riverside da ke New York ranar 4 ga Afrilu 1967, manyan jaridu suka yi masa caa. A watan ne Muhammad Ali ya ƙi shiga soja, aka ƙwace kambunsa, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi.

Birmingham tsayuwa kawai muka yi: cocin da bam ya kashe 'yan mata huɗu a Satumbar 1963, da lambun da ke gabansa mai gumakan karnukan 'yan sanda. A Memphis mun ga ɗaki mai lamba 306 a masaukin Lorraine, inda aka harbe King shekara guda cif bayan jawabin Riverside, ya zo mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu. Layi ya yi tsawo, kantin tsaraba kuma tsada ba magana.

Washinton a jirgi muka je, ƙafafuna sun riga sun kumbura. Baƙin bangon tunawa da yaƙin Biyetnam na ɗauke da sunayen Amurkawa sama da 58,000 da yaƙin ya ci, babu na ɗan Biyetnam ko ɗaya. Fadar White House ta bayan shinge na hango ta, ba ta kai yadda talabijin ke nuna ta ba. Yaron ya so mu shiga gidan tarihin jiragen sama, na ce ya je shi kaɗai, ni zan nemi inda zan yi La'asar.