Gashin zabo a Kogin Kaduna

Asabar, ƙarshen Nuwamba.

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata na hau mashin, ko shayi ban tsaya sha ba. Hazo ya fara sauka, sanyin kogi kuwa har cikin ƙashi. Na bi ta Unguwar Rimi na gangara wajen duwatsun da ke sama da wurin shaƙatawa na Gamji, inda nake zuwa tun ina yaro da 'yar fatsata ta gora da gwangwanin tana. Wata biyu da suka wuce ba mai iya tsayawa a wurin, ruwa ya shanye duwatsun, ga shi ja wur. Yanzu ya janye, ya fara washewa, har ana ganin yashi a bakin gaɓa. Abin da nake jira ke nan tun damina.

Sandar da na riƙo yau ba irin tamu ba ce. Yayana ne ya zo min da ita daga Ingila bara, tsawonta ƙafa 9, sakayau kamar kara. Ba a sa mata tana, ba a sa dalma. A jikin ƙugiya ake ɗaure gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya ɗauka abinci ne. Da yake ƙugiyar ba nauyi, igiyar ce mai kauri, ita ke kai ta tsakiyar ruwa. Sai ka wurga baya, ka dakata ta miƙe, sannan ka turo gaba. Wannan 'yar dakatawar ita ce duk aikin. Ka yi gaggawa, igiya ta zube a ƙafarka. Daren jiya na zauna na ɗaura guda 6 da gashin zabon da na roƙo wajen masu figar kaji, da baƙin zare daga shagon telan layinmu.

Na kusa awa guda ina jifa, shiru. Can sai ga wani dattijo ya taho a kwale-kwale, birginsa a kafaɗa. Na rusuna na gaishe shi.

"Ina kwana, Baba? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, ɗana. Me kake nema a nan?"

Na ce tarwaɗa. Ya karɓi ƙugiyar ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce, "To ina abincin?" Na yi masa bayani. Bai yi min dariya ba, kuma wannan ya ƙara masa girma a idona. Cewa ya yi, "Tarwaɗa ba da ido take ci ba. Da gashin bakinta take lalube a ƙasa, wari take bi. Amma ka ga waccan bishiyar da ta sunkuyo kan ruwa? Ƙwari na faɗowa daga jikinta. Kawara na nan ƙarƙashi, ita ce mai ido."

Na koma can na tsugunna bayan wani dutse don kada inuwata ta faɗa ruwa. Sai a lokacin na lura da abin da na wuce ban gani ba: jifa-jifa ruwan yakan yi ɗan zobe, ya baje, ya ɓace. Na wurga gashin zabon sama da wurin, na bar ruwa ya taho da shi a hankali. Jifa ta uku, wani abu ya walƙa kamar azurfa, ƙugiyar ta nutse, sandar ta lanƙwasa. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Kawara ce, ba ta fi tafin hannu ba, jelarta da ɗan ja-ja, amma da idona na ga lokacin da ta taso ta kama, abin da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi ina fatsa da tana. Kafin hantsi na kama 5.

Ta shida ba kawara ba ce. Fizga ɗaya aka yi, igiya ta dawo ba ƙugiya, bakin zaren a yanke kamar da reza. Baba ya hango daga nesa ya ɗaga murya, "Tsage ne! Haƙoransa ba sa barin zare." Kifin nan farin dumi kuwa na gan su da yawa suna kiwo a jikin duwatsu, bakinsu a ƙasa suna kankare gansakuka, ko kallon ƙugiyata ba su yi ba.

Da rana ta ɗaga muka zauna a inuwa ni da Baba, na fito da ƙosai muka ci tare. Ya ce yana saurayi yakan kama giwan ruwa a nan, wanda sai mutum biyu sun ɗauka. A ganinsa, tun da aka gama madatsar Shiroro a 1990 manyan kifin Kogin Kwara (Neja) suka daina haurowa, ga masu zuba gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba, da daddare su kashe uwa da 'ya'ya. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne leda. Sau uku ina zare ta daga ƙugiya yau, kwatocin gari duk nan suke juyewa. Kogin da garin nan ya ci sunan kadojinsa bai kamata mu mai da shi juji ba.

Zan tashi ya ce, "In tarwaɗa kake so da abin nan naka, ka bari sai farkon damina. Daren da aka yi ruwa, shinge ya fito ya zube kan kogi, har ita takan taso sama ta ci." Na yi masa godiya, na ba shi ƙugiya ɗaya ya soke a hularsa.

Uwargida ta soya kawarar da yaji, yara suka cinye kafin magariba. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo siririyar waya saboda tsage, in kuma nemi farin gashin kaza in gwada ɗaura fukafukan shinge.