Tafiyata garin Elko wajen taron mawaƙan kaboyi

Daga Salt Lake City inda nake karatu zuwa garin Elko a jihar Nevada tafiya ce ta kusan kilomita 370, kuma titi ɗaya ne ɗoɗar wanda suke kira I-80, in ka hau shi ba ka da wata kwana sai ka isa. Ni da wani abokina ɗan Maraɗi muka tafi a motarsa ƙarshen watan Janairu, sanyi kuwa ba a magana. Shi ne ma ya matsa min, wai tunda kullum ina damunsa da labarin shanun kakana to in zo in ga makiyayan Amurka da idona.

Hanyar kanta abin kallo ce. Bayan ka bar gefen babban tafkin gishirin nan sai ka shiga filin Bonneville, fili ne fari fat na gishiri iya ganinka, babu bishiya babu ciyawa babu gida, a nan ne ake gwada gudun motoci masu tsere. Kana ƙetarawa Nevada a garin Wendover abin da zai fara tarbarka gidajen caca ne, mu dai mai kawai muka sha muka yi sallah a gefen mota muka wuce, gaba kaɗan agogon waya ya koma baya da awa ɗaya. Daga nan sai duwatsu da wata gajeriyar ciyawa mai launin toka, can nesa ka hango baƙaƙen shanu sun taru inda aka zuba masu busasshiyar ciyawa a kan dusar ƙanƙara.

Elko ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce wajen 20,000 ba, kuma yanzu haƙar zinariya ce ta fi kawo masu kuɗi, amma a wannan satin garin na makiyaya ne. Ko'ina ka juya malafa ce mai faɗin baki da dogayen takalman fata da ƙyallen siliki a wuya, wasu tsofaffin da gashin baki an murɗe shi har ya yi tsini. Taron an fara shi a 1985, wata cibiyar adana al'adu mai suna Western Folklife Center ce ke shirya shi, Hal Cannon ne ya fara jagorantar ta, kuma a shekarar 2000 majalisar dattawan Amurka ta ayyana shi a matsayin taron waƙoƙin kaboyi na ƙasa. Na tambayi wata dattijuwa da ke duba tikiti me ya sa aka zaɓi tsakiyar hunturu mutane na rawar ɗari, ta ce ai lokacin ne kawai aiki ke ɗan sassautawa a gandun kiwo, da an shiga bazararsu shanu sun fara haihuwa babu mai iya barin gida ko na kwana ɗaya.

Wannan amsar ce ta fara nuna min irin mutanen da na zo gani. Domin mu dai kaboyin da muka sani na fim ne, mai bindiga a ƙugu yana harbin mutane a mashaya. Waɗannan kuwa masu aikin wahala ne, in ka gaisa da mutum sai ka ji hannunsa duk kanta, wani babban yatsansa ma babu, igiyar kamun shanu ce ta tafi da shi.

Zaman da ya fi shiga raina ba na babban ɗakin taro ba ne, wani ƙaramin ɗaki ne da kowa zai iya rubuta sunansa a kira shi ya karanta tasa. Wani dattijo ya taso yana ɗingishi, babu takarda babu jita, ya tura hannu a aljihu ya fara rero baitoci da ka, da amsa-amo da kari daidai wa daida, a kan daren da karsanarsa ta kasa haihuwa cikin ƙanƙara, shi kaɗai da tocila ya tuɓe riga ya zura hannu ya juya ɗan maraƙin ya jawo shi, uwar ta rayu ɗan bai yi rai ba. Wallahi ɗakin ya yi tsit, na ga wani ƙato a gefena yana share ido da bayan hannu. Ba duk turancinsa na kama ba don harshensu na ƙauye ne kuma cike yake da sunayen kayan doki, amma ciwon na gane shi sarai, duk wanda ya taɓa rasa dabba a hannunsa zai gane. Yana sauka kuma sai wata mata ta hau ta yi tata a kan yadda mijinta ke sa ta tsare ƙofar shinge in ana ware shanu yana ta daka mata tsawa, mata suka dinga shewa mazan na sunkuyar da kai ana ta dariya. Haka abin yake tafiya, kuka da dariya a zama ɗaya.

Yawancinsu haddace waƙar suke yi, kuma ba tasu kaɗai ba har ta magabata, sai ka ji mutum ya fara faɗin sunan mai waƙar tukuna sannan ya rero, wannan ladabin ya burge ni ƙwarai. Asalin abin tun bayan yaƙin basasar Amurka ne, daga wajen 1866 zuwa shekarun 1880, lokacin da ake koro dubban shanu a ƙasa daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas irin su Abilene, wata da watanni a daji. Da dare masu gadi kan zagaya garken a kan doki suna waƙa a hankali don kada shanun su firgita su watse, a bakin wuta kuma a yi ta baitoci ana kashe dare. Kuma ba turawa kaɗai ba ne, salon aikin ma daga makiyayan Meziko aka gaje shi, sannan masana tarihi da dama na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu koron nan baƙar fata ne, abin da fim bai cika nuna mana ba.

Akwai sunayen da za ka yi ta ji a bakin mutane. Waddie Mitchell ɗan yankin ne, a gandun kiwo na Nevada ya tashi ya yi shekaru yana aikin kiwo a kan doki kafin ya shahara, kuma yana cikin waɗanda aka kafa taron da su. Wally McRae makiyayi ne daga Montana da ya yi suna wajen waƙar kare ƙasar kiwo daga masu haƙar kwal, gwamnati ta ba shi lambar girma ta masu riƙon al'adun gargajiya a 1990. Sai Baxter Black wanda likitan dabbobi ne kafin ya koma waƙar barkwanci, da Don Edwards, da Ian Tyson na Kanada mai gandun kiwo a Alberta, su ukun nan duk a shekarar 2022 suka rasu, in an ambace su sai ka ga tsofaffi na girgiza kai.

Da dare kiɗa ne, jita da goge irin nasu da wata karya murya da suke yi a maƙogwaro ta hau sama ta sauko, ni dai baitocin sun fi min kiɗan, abokina kuwa kiɗan ya fi so har yana buga ƙafa. Abinci mun ɗan sha fama, gidajen abincin garin da suka yi suna na 'yan ƙabilar Bask ne waɗanda kakanninsu suka zo daga iyakar Sifen da Faransa kiwon tumaki, naman rago ne a gaba amma ba mu da tabbacin yanka, sai muka tsaya a kifi da dankali da wake. Mun kuma leƙa shagon sirdi na J.M. Capriola da ke nan tun 1929, sirdi da linzami da ƙaimi duk aikin hannu ana zana fure a jikin fata da azurfa, abokina ya ce dukawan Agadas ne kawai za su ja da su.

A wajen shan kofi na zauna kusa da wani makiyayi ɗan wajen shekara sittin, ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, na ba shi labarin Fulani da yadda suke tafiya da shanu a ƙafa da sanda a kafaɗa, kowace saniya da sunanta kuma ta san muryar mai ita. Ya gyara zama yana ta tambaya, wa ke da ƙasar da suke kiwo, ina suke shayarwa da rani. Sai ya fara ba ni nasu, cewa mafi yawan ƙasar Nevada ta gwamnatin tarayya ce, takardar izini suke biya kafin su sake shanu, fari na cinsu, gobarar daji na cinye makiyaya, 'ya'ya na guduwa birni ko wajen haƙar zinariya don can ne albashi. Ya ce tun da aka fito da waya mai ƙaya a 1874 aka fara toshe hanyoyin shanu a ƙasarsu. Nan take burtalolinmu da aka nome suka faɗo min a rai, da duk jinin da aka zubar a kansu.

Abin da ya tsaya min har yanzu shi ne su waɗannan mutanen sun samu wuri da za su tsaya gaban jama'a su faɗi rayuwarsu da bakinsu, ɗan birni ya biya kuɗi ya zauna ya saurara, ana naɗa ana adanawa. Makiyayinmu kuwa in ka ji sunansa a rediyo to galibi labarin rikici ne, alhali yana da waƙar shanu da kirari da sarewa da in ba a naɗa ba za su tafi tare da tsofaffi. A hanyar dawowa tun daga garin Wells har Wendover maganar da muke ta yi kenan da abokina, shi yana cewa taron Cure Salée na Ingal a Nijar ya isa a gina irin wannan a kansa tunda makiyaya na haɗuwa can duk ƙarshen damina, ni kuma na ce in Allah ya kai mu hutu zan fara da rugar da ke bayan garinmu, in roƙi Ardo izini in naɗi tsofaffin da waya ko da mutum uku ne.