Ranar da layin jan ƙarfe ya ƙone a allona

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin na'urar cajin batir da sola ya kai wannan makon.

Allon farko, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai layukan jan ƙarfe suna haɗa su, ya ƙone. Na haɗa batir mai bolt 12, na sa masa kaya mai jan amfiya 5, ko minti goma bai yi ba sai ga wari. Da na juya allon, layin da ke tsakanin mosfet (transistan da ke buɗe wuta da rufe ta) da tashar batir ya yi baƙi, ya ɗago daga jikin allo kamar ɓawon albasa. Faɗinsa rabin milimita ne kawai, saboda a haka na bar shi a KiCad, manhajar zana allon lantarki, ban canja ba.

Sai na zauna na yi lissafi. Jan ƙarfen da ke kan allon da muka saba saya kaurinsa maikuromita 35 ne (milimita 0.035), wanda ake kira oza ɗaya. Layin nawa tsawonsa milimita 60 ne, turjiyarsa ga wuta ta kai kusan miliyom 60, wato om 0.06. Idan amfiya 5 ta ratsa shi, wat ɗaya da rabi ke zama zafi a kan siririn zaren nan. Dole ya ƙone.

Ma'aunin IPC-2221, wanda ke cikin kalkuletan KiCad, ya nuna cewa idan ana son zafin layin da ke saman allo kada ya ƙaru da fiye da digiri 10, amfiya 1 tana bukatar faɗin kusan milimita 0.3, amfiya 5 kusan 2.8, amfiya 10 kuwa sai ta haura 7. Ku lura, ninka wuta ba ninka faɗi kaɗai yake nufi ba, ya fi haka.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, digiri 10 ɗin nan a kan zafin wurin ake ɗora shi. A watan Afrilu a Kano zafi yakan kai 40, cikin akwatin roba a rufe kuma ya fi. Shi ya sa na zaɓi milimita 4. Akwai wani dalili kuma: mu da ke buga zane da dutsen guga mu jiƙa a ruwan ferik kulorayid mai cinye jan ƙarfe, ruwan yakan ci gefen layi, sai ya fito ya fi na zane siranta. Da na duba da gilashin ƙara girma, gefen duk ya yi haƙora.

Wasu kan malala dalma a kan layi. Tana taimakawa kaɗan, amma dalma ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe. Ni waya na fere na kwantar a kan layin, na like ta da dalma.

Sabon allon ya yi awa uku da amfiya 5, ɗumi-ɗumi kawai nake ji da yatsa. Gobe in sha Allah zan sa fis, in rufe akwatin, in gwada shi da tsakar rana.